Kafin Ka Amince Cewa Injin Motarka Ya Buga

A wata damina da ta gabata na tashi daga aiki bayan ƙarfe goma na dare, ruwa kuwa tun la'asar yake zuba. Saura kaɗan na shiga layinmu na tarar magudanar ruwa ta cika ta tumbatsa, ta shafe hanya. Wata babbar jif da ke gabana ta ratsa ta wuce, ni ma na sa kai da tsohuwar Corolla tawa. Ban kai tsakiya ba wata motar ta taho daga ɗaya hannun da gudu, ta turo ruwa ya haura gaban tawa. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya ɗauke. Na murɗa makulli, sai na ji ƙara guda ɗaya mai nauyi, kamar an sauke guduma a kan ƙarfe, fitilun dashbod suka dushe. Na sake murɗawa, aka maimaita. Kafin na yi na uku wasu matasan unguwa suka iso suka turo ni bakin hanya.

Washegari da sassafe na kira wani bakanike da ke kusa. Ya murɗa makulli sau ɗaya, ya girgiza kai. "Oga, sai haƙuri, inji ya buga," in ji shi. Nan take ya yanka mini kuɗin injin Beljiyam, kuɗin da ya haura albashina na watanni. Maƙwabcina, tsohon direban wata ma'aikata da ya yi ritaya, yana tsaye yana saurare. Da bakaniken ya tafi ya ce kada na kuskura na biya ko sisi, na nemo janwe mu kai ta wurin wani dattijo da ya sani a garejin Apo.

Dattijon ko makullin bai karɓa ba. Ya sa na ba shi labarin yadda abin ya faru, sannan ya sa yaronsa ya ɗauko soket da dogon ƙarfe, ya ɗora a kan babban notin da ke ƙasan gaban injin, ya ja a hankali. Injin ya ɗan motsa, ya tsaya cik. Ya sa aka kwance fulogi huɗun duka, ya sake ja, sai ga ruwa mai launin ƙasa ya yi tsartuwa daga rami na biyu. "Malam, ruwa motarka ta sha," ya ce. "Ka gode wa Allah ba gudu kake yi ba." Aka fitar da ruwan, aka yi juyen baƙin mai sau biyu, aka canza matatar mai da ta iska, aka auna matsin kowace silinda. Kafin magariba na tuƙo motata zuwa gida. Abin da na kashe, har da kuɗin janwe, bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka yanka mini da safe ba.

Dattijon bai yi amfani da wata na'ura mai tsada ba. Abin da ya raba shi da bakaniken safe shi ne bin mataki bayan mataki, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya, da ƙin yanke hukunci sai ido ya ga shaida. Waɗannan matakai ba sirrin sana'a ba ne. Duk mai mota zai iya saninsu, ko da ba zai taɓa riƙe sifana ba, domin ya san abin da zai tambaya kafin ya taɓa asusunsa.

Ga ma'aikacin tarayya lamarin ya wuce na sha'awa. Tun shekarar 2003, lokacin da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta mayar da alawus na gida da na mota zuwa kuɗi, aka kuma sayar da motocin gwamnati masu yawa, nauyin saye da kula da mota ya koma wuyan ma'aikaci. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, duk wani ƙarfe da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, canjin inji na iya cinye kuɗin haya da na makarantar yara a lokaci guda.

Kalma ɗaya, ciwo iri-iri

A bakin yawancin masu mota da kanikawa, "inji ya buga" jaka ce da ake zuba komai a ciki. Amma akwai bambanci tsakanin injin da ke aiki yana ƙwanƙwasa, da injin da ya cije ya ƙi juyawa, da kuma lafiyayyen injin da wani abu daga waje ya hana shi juyawa. Na farko yana kan hanyar mutuwa, ana iya ceto shi idan aka kashe shi da wuri. Na biyu yana iya zama ya mutu, yana iya zama suma ya yi, kamar nawa. Na uku lafiyarsa ƙalau, batir ne ko kik ko wani abin da bel ke juyawa ya jawo masa sharri.

Domin a gane bambancin sai an san abin da ke gudana a ciki. Fistin na hawa da sauka a cikin silinda. Sandar da ake kira kwanrod ita ke haɗa shi da karanshaf, wanda ke mayar da hawa da saukar zuwa juyi. Tsakanin kwanrod da karanshaf akwai siraran ƙarafa masu laushi, waɗanda kanikawa ke kira metal. Ratar da ke tsakanin metal da karanshaf ba ta kai kaurin silin gashi ba, kuma baƙin mai ne, wanda famfo ke turowa da ƙarfi, ke cike ta. Idan allurar juyin inji ta nuna 3,000, karanshaf na juyawa sau 50 a kowace daƙiƙa, yana shawagi a kan wannan ɗan mai. Da zarar man ya yanke ƙarfe zai gogi ƙarfe, zafi ya tashi, metal ya narke ya manne. Wannan ita ce cijewa ta gaskiya. Sai dai ruwa, da tsatsa, da karyayyen bawul, da zafin da ya wuce kima, kowannensu na iya tsayar da inji cik, kuma daga kujerar direba duk ƙara ɗaya suke bayarwa.

Labari da kunne kafin sifana

Bincike na farawa da abin da ya faru kafin motar ta mutu, kuma babu wanda ya san wannan sai wanda ke riƙe da sitiyari. Shin jar fitilar nan mai siffar buta ta kunnu? Allurar zafi ta haura? An ji ƙwanƙwasa da ke ƙaruwa idan an taka totur? An shiga ruwa? Ko motar ta yi watanni a ajiye? Bakaniken da bai yi waɗannan tambayoyi ba ya tsallake rabin aikin.

Sai kuma ƙarar da ake ji idan an murɗa makulli. Ƙananan ƙas-ƙas-ƙas masu sauri a jere galibi alamar raunin batir ce ko kan batir da ya yi datti ko ya saki. Shiru gaba ɗaya, alhali fitilu na haske tar, yana nuni ga wayarin, ko makunni, ko na'urar hana sata, ko kuma giyar otomatik da ba ta zauna daidai ba. Ƙara ɗaya mai nauyi tare da dushewar fitilu na nufin kik ya kama amma ya kasa juya injin. Ko wannan ma bai isa hukunci ba, domin batir mai rauni da kik da ya lalace kan yi haka.

Mitar auna wuta ce ke raba gardama. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota a kashe take. Wanda ya yi ƙasa da 12 ya zube sosai, sai a gwada da wani lafiyayye kafin a zargi inji. Idan batir ya cika, kawunansa a ɗaure suke, amma har yanzu ƙara ɗaya ake ji, to a cire hannu daga makulli. Kowace murɗawa bayan wannan na iya ƙona kik, ko cinye haƙoran babban faifan da ke bayan inji, ko lanƙwasa kwanrod idan ruwa ne a ciki. Haka nan kada a yarda da shawarar 'yan taimako ta a tura mota a saki kulaci. Nauyin mota gaba ɗaya ne zai faɗa kan abin da ya tokare, kuma abin da kik ya kasa karyawa turi zai karya shi. Na'urar kwamfutar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari tana da amfaninta, amma ba ta iya faɗa maka cewa ƙarfe ya manne da ƙarfe.

Hannu a kan fuli

Gwajin da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda dattijon Apo ya fara da shi. A ja hambirki, a sa giya a firi, a zare makulli, a cire wayar batir. Sai a ɗora soket da dogon hannu a kan notin fuli, wato faifan da ke ƙasan gaban inji wanda bel ke zagayawa, a juya a hankali ta fuskar da injin ke juyawa. Yawancin injuna ta hannun agogo suke bi, amma tsofaffin Honda Accord na shekarun 1990 akasin haka suke, kuma bakaniken kirki ya san wannan.

Amsa uku ake samu. Idan injin ya zagaya sau biyu cikakku, yana tauri yana saki yayin da kowace silinda ke matse iska, to bai cije ba, a koma kan kik da wayarin. Idan ya ɗan motsa ya tsaya, aka mayar da shi baya ya tafi, aka dawo ya sake tsayawa a wuri ɗaya, to wani abu ne ya tokare fistin: ruwa, ko bawul, ko karyayyen ƙarfe. Idan ko gezau bai yi ba ta kowace fuska, zargi ya karkata ga metal da ya narke, ko fistin da ya manne, ko tsatsa.

Ko a nan akwai sauran abubuwa biyu masu arha da za a kawar. Na farko a cire bel ɗin waje, a juya kowane fuli da hannu: na altaneta, na kwamfureson sanyi, na famfon ruwa, na famfon sitiyari. Kwamfureso ko altaneta da ya cije yana iya riƙe bel har kik ya kasa juya inji, kuma an sha sauke lafiyayyun injuna a kan wannan. Na biyu a kwance kik ɗin kansa, domin haƙorinsa kan maƙale a jikin faifan baya ya kulle komai. Sai an cire waɗannan biyu, injin ya ci gaba da ƙin motsi, sannan za a ce ciwon na ciki ne.

Abin da ramin fulogi ke faɗa

Mataki na gaba shi ne kwance fulogi duka a sake juyawa da hannu. Iska na matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, kuma a kan wannan ɗan bambanci injuna da yawa ke mutuwa kowace damina. A injin lita 1.8 mai silinda huɗu, irin na Corolla, kowace silinda na matse abin da ta shaƙa zuwa kashi ɗaya cikin goma. Sararin da ke saura idan fistin ya kai ƙololuwa bai wuce mililita 50 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na ledar fiya wata. Ruwan da ya haura wannan ya isa ya tsayar da inji. A motocin dizal, irin su wasu Hilux da Hiace, matsin ya fi yawa, sararin ya fi ƙanƙanta, ɓarnar kuma ta fi muni.

Ba sai ruwa ya shanye mota ba. Bututun shaƙar iska na ƙananan motoci da yawa yana ƙasa-ƙasa a bayan fitila ko bamba, don haka ruwan da bai wuce gwiwa ba, idan wata mota ta turo shi, ya wadatar. Mazauna Lokogoma da Lugbe, inda ambaliyar rukunin gidajen Trademore ta watan Yunin 2023 ta nutsar da gidaje da motoci, ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan. Jiƙaƙƙiyar matatar iska ita ce shaidar farko.

Idan injin yana silo ko tafiyar hawainiya lokacin da ruwan ya shiga, sau da yawa yakan tsaya ba tare da wani abu ya lanƙwashe ba. Idan da gudu ne, kwanrod kan tanƙware, wani lokaci ya karye ya huda bulok. Shi ya sa tashin inji bayan fitar da ruwa ba ya nufin an tsira. Dole a auna matsin kowace silinda. Wadda ta yi ƙasa da 'yan uwanta sosai na iya ɓoye tanƙwararren kwanrod, wanda zai jira sai ana tsakiyar hanyar Kaduna ko Lokoja ya karye. Kuma kada a bar ruwa ya kwana biyu a cikin silinda, domin tsatsa ba ta jira.

Ruwan ba lallai na sama ba ne. Gasket da ya ƙone kan bar ruwan lagireto ya tsiyaya cikin silinda da daddare, mota ta kwana lafiya ta wayi gari a cije. Idan ruwan lagireto na raguwa ba tare da yoyo a ƙasa ba, ga farin hayaƙi daga salansa, to nan ne zargi zai nufa. Yanzu kuma akwai 'yar kyamara mai siririn bututu da ake jonawa da waya a zura ta ramin fulogi, a ga kan fistin da bangon silinda ba tare da an kwance komai ba.

Shaidar baƙin mai

Idan babu ruwa, sai a tambayi baƙin mai, kuma shi ba ya ƙarya. A zaro geji. Idan a bushe yake, an kusa samun amsa. Idan man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi. Idan yana ƙyalƙyali a rana kamar an barbaɗa masa gari mai sheƙi, metal ne ya ci kansa. A juye man a cikin kwano mai tsabta, a yanka matatar mai a buɗe takardar cikinta, sannan a sauke kwanon mai da ke ƙasan inji. Daga nan ana ganin karanshaf da kwanrod ido da ido. Wurin da ya yi baƙi ko shuɗi saboda zafi shi ne inda abin ya faru. Duk wannan ana yinsa inji na kan mota.

Geji na iya nuna mai a cike amma inji ya mutu da ƙishi. Man da ya daɗe ba a juye ba, ko jabu, yakan daskare kamar kwalta ya toshe ragar da famfo ke zuƙa ta ciki. Jar fitilar buta kuwa ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin tafiyarsa take aunawa. Idan ta kunnu ana tafiya, ma'anarta a tsaya a kashe inji nan take. Tunanin bari na ƙarasa Sakatariya ko na haura gadar nan shi ne ya kashe injuna da yawa.

Yanayin zirga-zirgar Abuja na ƙara tsananta lamarin. Wanda ke fitowa daga Mararaba ko Nyanya kullum yana shafe sa'o'i inji na aiki alhali lambar kilomita ba ta motsi, ga ƙurar hunturu, ga zafin Maris da Afrilu. Man irin wannan mota yakan gaji kafin lissafin kilomita ya cika. Akwai kuma al'adar zuba mai kauri, 20W-50, a kowace mota, har da waɗanda murfin mansu ke ɗauke da 5W-30 ko 0W-20, alhali hanyoyin mai na sababbin injuna sirara ne.

Wasu injunan kuma da larurarsu suka zo. Kamfanin Toyota ya amince cewa wasu injunan lita 2.4 na Camry ƙirar 2007 zuwa 2009, wadda aka fi sani da Muscle a nan, suna shan mai fiye da kima saboda fistin da ringi. A watan Satumban 2015 kamfanin Hyundai ya yi wa motocin Sonata kimanin 470,000, ƙirar 2011 da 2012, kiranye a Amurka, saboda burbushin ƙarfen da aka bari a karanshaf tun a masana'anta na iya toshe wa metal hanyar mai. Ire-iren waɗannan motoci sun cika titunanmu a matsayin tokumbo. Mai irinsu ya mayar da duba geji al'adar kowane mako.

Zafi, bel da tsatsa

Fistin da alminiyam ake yinsa, kuma alminiyam na kumbura da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Idan ruwan sanyaya inji ya ƙare, ko fanka ta mutu, fistin kan kumbura ya cika silinda ya manne. Irin wannan cijewa tana da yaudara: bayan sa'a ɗaya ko biyu inji ya huce, ya saki, ya tashi, mai mota ya yi hamdala ya ci gaba da tafiya. Amma bangon silinda ya riga ya kwarzane, kan inji na iya karkacewa, gasket na iya ƙonewa. Motar da ta yi haka gwajin matsi take buƙata. Cire tamostat da jona fanka kai tsaye, wanda ya zama ruwan dare a garejinmu, ɓoye ciwo ne kawai, asalin yoyon ko toshewar lagireton na nan. Kuma kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin tafasasshen ruwa ne zai yi tsalle zuwa fuska.

Bel ko sarƙar taimin ita ke daidaita motsin bawul da na fistin. A injuna da yawa, ciki har da na Peugeot 406 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, idan bel ɗin ya tsinke fistin kan daki bawul. Alamarsa ita ce mota ta mutu farat ɗaya ba tare da jar fitila ko zafi ba. Buɗe murfin taimin na nuna gaskiya cikin mintuna, kuma sau da yawa gyaran a saman inji yake tsayawa.

Tsatsa kuma ciwon motocin ajiya ce: wadda aka bari a harabar ma'aikata ana jiran amincewar kuɗin gyara, ko wadda mai ita ya tafi kwas na shekara, ko wadda aka saya a gwanjon gwamnati. Laima kan shiga ta bawul da ke buɗe, ringi ya manne da bango. Maganinta haƙuri ne. A zuba man sassauta tsatsa ta ramin fulogi, a bar shi kwanaki, a riƙa girgiza fuli gaba da baya a hankali. Wanda ya sa ƙarfi zai karya ringin da da zai saki da kansa.

Gyara ko sauyi

Idan shaida ta tabbatar cewa metal ya narke, zaɓi ya rage ga girman ɓarnar. Karanshaf da bai tsage ba ana iya feƙe shi da milimita 0.25 ko 0.50 a sa masa metal daidai da sabon awonsa. Bulok da ya huje kuwa sai sauyi. Mai sayen injin Beljiyam a Apo, Gudu, Zuba ko Ladipo ta Legas ya yi masa gwajin da aka yi wa nasa: a juya shi da hannu a gabansa, a leƙa ta murfin mai, a duba fulogi. Ya nemi wa'adin gwaji a rubuce, da rasiti mai ɗauke da lambar injin, sannan ya je ofishin VIO a daidaita takardun mota.

Abin da aka fi mantawa shi ne musabbabi. Idan lagireto mai yoyo ne ya kashe tsohon inji, zai kashe sabon ma. Kuma kada a sa rai ga inshorar naira 15,000 da yawancinmu ke yanka: ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ruwanta da injinka. Ko cikakkiyar inshora galibi ba ta ɗaukar lalacewar inji ta yau da kullum, batun ambaliya kuma sai an karanta sharuɗɗan takardar.

Idan motar ta ofis ce

Ga hadimi ko jami'in da motar maigida ke ƙarƙashin kulawarsa, binciken na da wata fuska. Da zarar an ce inji ya buga, ido kan koma kan direba, wanda shi ne mafi rauni a jerin. Bincike na gaskiya na iya wanke shi ko ya kama shi da adalci. Ruwa a matatar iska na nuna an kutsa cikin ambaliya, sai a tambayi wa ya ba da umarnin a ratsa. Daskararren mai na nuna watanni ne aka yi ba a yi sabis ba, kuma amsar na cikin fayil ɗin da takardar neman kuɗin ta kwanta. Tsinkakken bel na nuna ba a bi jadawalin kamfani ba.

Saboda haka a nemi rahoton bakanike a rubuce, da hotunan abin da aka gani a kowane mataki, a karɓi tsofaffin kayan da aka cire, a kuma ji ta bakin gareji na biyu kafin a rubuta takardar neman kuɗin sabon inji. Sa hannun jami'i ne zai kasance a kan takardar ranar da masu binciken kuɗi suka zo. Sama da duka, a faɗa wa direba a fili cewa yana da izinin tsayawa idan jar fitila ta kunnu ko ruwa ya rufe hanya, ko da maigida zai makara zuwa filin jirgi. Direbobi da yawa na ganin fitilar, tsoron faɗa ne ke sa su ci gaba da taka totur.

Ranar da motarka ta yi wannan ƙara guda mai nauyi, aka ce maka inji ya buga, ka tambayi mai maganar cikin ladabi: an gwada batir da kik? An juya injin da hannu? An cire bel? An kwance fulogi? Me aka gani a cikin mai da matatarsa? Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba, zai kira ka ka leƙa da idonka, domin gani ya kori ji. Wanda ya fusata kuwa ya ba ka amsar da kake buƙata, sai ka kira janwe.

Corolla tawa na nan tana kai ni aiki tana dawo da ni. Abin da ya canza shi ne, duk daren da na tarar ruwa ya shafe hanyar layinmu, nakan faka a kan tudu, na kashe inji, na jira ya janye.